Keke A Gefen Dogo

Tun ina yaro nake jin manya suna cewa tafiya mabuɗin ilmi. Amma duk tafiyar da na san mutanen garinmu Sheme suna yi, da dalili a gabanta, ko kasuwa, ko gona, ko biki, ko ta'aziyya. Ba a san mutum ya ɗaura aniya ya bar gida don tafiyar kanta kaɗai ba. Wanda ya yi haka sai a ce zaman banza ya ishe shi, ko kuwa a ce kansa ya soma taɓuwa. Ni ma haka na ɗauka har na yi furfura. To, abin da ya sauya mini ra'ayi shi nake so in ba ku labari, ya ku 'yan'uwana da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci, domin na san ku ne kuka fi kowa sanin cewa girma ba ya hana mutum koyon sabon abu.

A cikin shekarar 1923 ba a haife ni ba, balle in ce na ga farkon al'amarin da ido. Abin da na gani da idona ya faro ne daga keken mahaifina, Allah ya jiƙansa. Ralle ne baƙi, ya saye shi da kuɗin auduga tun ana ciniki da fam da sule. A zamanin nan wanda ya mallaki Ralle a ƙauye ya zama abin nuni. Kowace Juma'a sai ya sa ni in wanke shi, in goge wayoyin ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, in ɗiga wa sarƙarsa mai. Ladan aikina shi ne a bar ni in hau bayan la'asar. Da ya rasu keken ya zama nawa, na more shi shekaru, har babur ya shigo gari, na rataye shi a ɗakin ajiya tare da tsofaffin buhuna, na manta da shi.

Cikin 2023 sai ciwon kai da jiri suka matsa mini. Na tafi asibiti a Funtuwa, aka auna ni, aka ce hawan jini ne. Likitan, wanda bai wuce sa'an ɗana na fari ba, ya rubuta mini magani, sa'an nan ya dube ni ya ce, "Baba, me kake hawa in za ka masallaci ko kasuwa?"

Na ce, "Babur."

Ya ce, "Gona fa?"

Na ce, "Yara ke zuwa, ni sai dai in leƙa, shi ma bisa babur."

Ya yi murmushi ya ce, "To, Baba, ƙwaya kaɗai ba za ta ishe ka ba. Ka rage gishiri, ka riƙa motsa jiki kamar rabin sa'a, kwana biyar a mako. In kana da keke, ka fito da shi."

A wannan shekara kuwa, cikin watan Mayu, aka janye tallafin man fetur, kuɗinsa ya ninka fiye da sau biyu. Ga umurnin likita, ga na aljihu, sai na sauko da Ralle, na kai wa mai gyara. Ya sa sababbin tayoyi, ya ɗaure birki, ya gyara sirdi, ƙararrawa ce kaɗai ya ce ba ta bukatar kome. Da na kaɗa ta na ji muryarta yadda na san ta, sai da ƙwalla ta cika mini ido.

Sai dai kuma ina zan hau? Babban titin da ya ratsa garinmu daga Funtuwa zuwa Gusau na manyan motoci ne. In tirela ta wuce ka, iskarta kaɗai ta isa ta jefa tsoho cikin rami. Ina cikin wannan tunani sai na tuna da wata hanya da muka saba bi muna samari, watau 'yar siririyar turbar da ke gefen dogo.

Bari in ɗan koma baya saboda yaran yanzu. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911. Daga baya Turawa suka ja reshe daga Zariya, ya bi ta Funtuwa, ya ratsa ƙasarmu ya nufi Tsafe da Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda cikin 1929. Auduga da gyaɗa da fatu su ne suka jawo shi. Saboda shi ne Funtuwa ta bunƙasa, aka kafa injin gurzar auduga, aka kuma yi gonar irin auduga a Daudawa, nan cikin ƙasar Faskari. Kakanninmu su suka yi aikin diga, suka fasa dutse, suka ɗauki ƙasa da kwanduna a ka. Wasu sun tafi da son ransu don neman kuɗin haraji, wasu kuwa tilas aka yi musu. Saboda haka in an ce dogo na Turawa ne, ni nakan ce dabarar tasu ce, amma gumin namu ne.

Wannan hanya tana da wani hali wanda mai keke ya fi kowa saninsa. Ƙafar jirgi ƙarfe ce, abin da take takawa kuma ƙarfe ne, don haka in tudu ya yi tsayi sai ta yi ta sulɓi, ba ta iya jan kaya. Shi ya sa masu aikin dogo ba su yarda da hawa da gangara. In sun tarad da tudu sai su tsaga shi, in sun tarad da kwari sai su cike shi, in rafi ne su ɗora kadarko. Ba su kuma yin kwana mai kaifi. Ashe duk wahalar da aka sha don jirgi, mai keke ya ci gajiyarta. Sai ka yi tafiya mai nisa ba ka sauka ka tura ba ko sau ɗaya. Muna samari mukan bi gefen dogon nan mu huɗu ko biyar, in muka ji kukan jirgi daga nesa sai mu ja gefe mu tsaya, mu ɗaga wa fasinjoji hannu, su jefo mana ɓawon rake.

Yau shekaru da yawa ke nan rabon da mu ga jirgi yana zirga-zirga a kai a kai kamar da. Amma turbar tana nan inda ƙafa ba ta daina bi ba. Sai na mai da ita wurin shan maganina. In na yi sallar asuba, gari ya waye sarai, manoma sun fara fita, sai in hau in nufi can. In yi ta taka feda a hankali har rana ta ɗaga, sa'an nan in juyo.

Ba a daɗe ba magana ta bazu. Wata safiya wani abokina, wanda muka yi makarantar allo tare, ya tare ni a bakin kasuwa ya ce, "Malam, ina zuwa da sassafe haka?"

Na ce, "Ba ko'ina."

Ya ce, "Daga ina fa?"

Na ce, "Daga can ɗin dai."

Ya riƙe baki ya ce, "Tsufa ya zo da gardama! Mutum da jikoki ya koma wasan yara?" Har uwargidana sai da ta ce, "Malam, ka dai riƙa rataya ko fartanya ce a bayan keken nan, mutane su ce gona za ka." Na yi dariya, amma maganar ta dame ni, domin ba wanda ke son a mai da shi abin zunɗe a garinsu.

Wanda ya fid da ni kunya ɗan ƙanwata ne, wanda ya yi karatu a Ingila, a wani gari da ake kira Biristol. Ya zo gaishe ni da Babbar Salla, na ba shi labari ina jiran ya yi mini dariya shi ma. Sai ya ce, "Kawu, ai abin da kake yi shi mutanen can suke kashe kuɗi su yi." Ya fito da wayarsa ya nuna mini hotuna. Na ga hanya shimfiɗaɗɗiya tsakanin itatuwa, ga tsofaffi irina, ga mata, ga yara ƙanana, kowa bisa keke, babu mota ko ɗaya. A gefe kuma ga dakalin tsohuwar tasha.

Ga yadda abin ya faru. Cikin 1963 wani mutum da ake kira Dokta Beeching ya rubuta wa gwamnatin Ingila rahoto, ya ba da shawara a rufe dogo wajen mil 5,000 da tashoshi fiye da 2,000, don motoci sun ƙwace musu ciniki. Aka rufe da yawa, aka kwashe ƙarafa, ciyawa ta rufe wuraren. Cikin 1979 sai waɗansu mutanen Biristol suka haɗa kai, suka yi aikin gayya, suka fara share tsohon dogon da ya haɗa garinsu da wani gari mai suna Bath. Kafin ƙarshen 1986 sun gama hanya mai tsawon mil 13, ta masu keke da masu tafiya a ƙasa. Wasu suna bin ta zuwa wurin aiki, wasu zuwa makaranta, wasu kuwa, kamar ni, ba ko'ina za su ba.

A Amurka ma haka ne, har sun ƙara da wata dabara da ta burge ni ƙwarai. Cikin 1983 suka yi doka cewa in jirgi ya daina bin wata hanya, ba lalle ne a yanka filin a sayar ba. Ana iya ba jama'a aronsa su mai da shi hanyar keke, da sharaɗin ranar da aka bukaci jirgi ya dawo, za a mayar masa da abinsa. Watau ajiya ce aka ba masu keke. Da wannan doka aka yi wata hanya a jihar Misuri mai tsawon wajen mil 240.

Ya kuma ba ni labarin hanyoyin bakin ruwa. Kafin zuwan jirgin ƙasa, mutanen ƙasashen nan sukan haƙa doguwar magudana, su cika ta da ruwa, su ɗora kaya a kwalekwale, doki ko alfadari yana tafe a bakin gaɓa yana jansa da igiya. Turbar da dabbobin nan suka bi ita ma a miƙe take, don ruwa ba ya hawa tudu. Akwai wata irinta da ta tashi daga Washinton, babban birnin Amurka, tsawonta mil 184 da rabi. An daina aiki da ita cikin 1924. Cikin 1954 aka so a mai da ita titin mota, sai wani alƙalin babbar kotun ƙasar, William Douglas, ya ce bai yarda ba. Ya gayyaci 'yan jaridar da suka goyi bayan titin su zo su taka ta da ƙafa tare da shi. Suka yi kwana takwas suna tafiya, ra'ayin mutane ya juya, aka bar ta. Cikin 1971 aka yi doka ta zama wurin shaƙatawar jama'a. Da na ji wannan sai na tuna da magudanan noman rani da ke kawo ruwa daga madatsar Tiga zuwa Kadawa da Kura a ƙasar Kano. Na taɓa zuwa can, na ga hanyar da ke bin gefensu, ga ruwa a dama, ga shinkafa da tumatir a hagu. Ashe muna da irin abin nan, suna ne kawai ba mu sa masa ba.

To, kada ku ce na ji labarin Turawa na ruɗe. Na san bambancin da ke tsakaninmu da su. Su sun rufe dogo ne don hanyoyi sun yi musu yawa. Mu kuwa namu bai ishe mu ba. Ni da kaina na fi son in ji kukan jirgi ya dawo, ya ɗauki masararmu da dabbobin kasuwar Sheme, ya rage wa titi nauyi. Ba ina kira a tumɓuke ƙarfe ko ɗaya ba ne. Abin da nake tsoro shi ne kafin jirgin ya dawo a tarar babu inda zai bi. Mun taɓa yin irin wannan hasara. Akwai ƙaramin dogo da ya tashi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru don ɗaukar kuza, an gama shi cikin 1914, aka rufe shi cikin 1957. Yau ka tambayi samari goma a Zariya, da wuya ka sami ɗaya da ya san an taɓa yinsa.

Akwai kuma babban bambanci na biyu, wanda ba sai na gaya wa mutumin Faskari ko Sabuwa ko Ƙanƙara ba. Baturen da ya hau keke ba ya tunanin kome sai ruwan sama. Mu kuwa mun ga abin da ya fi ruwa. Cikin Disamba 1920 ba a san wannan masifa ba, amma cikin Disamba 2020, shekara ɗari bayan haka, 'yan bindiga suka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara, sai bayan kwanaki aka sako su. Cikin 2021 gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta tsai da cinikin dabbobi a kasuwanninmu, aka kuma yanke layin waya na 'yan watanni, duk don a toshe wa ɓarayi kafa. Gonaki masu nisa suka koma saura. Yaran da suka tashi cikin shekarun nan sun san ƙarar bindiga, ba su san ƙarar jirgi ba.

Cikinsu har da jikana, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya. Kullum ya gan ni zan fita sai ya ce, "Tsoho mai ran ƙarfe, yau ma za ka je ka faɗi a daji mu huta?" Ni kuma in ce, "Kai dai ragon banza, ko feda ba ka kai ba." Wata safiya da kaka, bayan an kwana biyu gari lafiya, na nemi izinin ubansa, na ɗora shi a bayan keke muka fita.

Da muka isa dogo ya sauka, ya tsuguna ya shafa ƙarfen da hannu. Ya ce, "Kaka, ina wannan ya nufa?"

Na nuna masa gabas na ce, "Funtuwa, sa'an nan Zariya. Daga Zariya in ka bi kudu sai Kaduna, har Ikko, bakin teku."

Ya ce, "Duk ƙarfe ɗaya ne bai yanke ba?"

Na buɗe baki zan ce i, sai idona ya kai kan wani wuri gabanmu kaɗan, inda aka kwance kusoshi aka yi gaba da su. Gaba da nan kuma wani ya tura kunyar gonarsa har ta cinye turbar. Na rasa amsar da zan ba shi. Na ce, "Da dai haka yake."

Muka ci gaba har wata kuka, wadda ita ce iyakata, ban taɓa wuce ta ba tun da na dawo hawa. Yaro ya ce mu ƙara gaba kaɗan. Ina cikin rarrashinsa sai muka ji ƙugin babura daga yamma. Ban san lokacin da na fizge shi muka kwanta cikin karan dawa ba, na bar Ralle yashe a hanya. Ina jin zuciyarsa tana bugawa a ƙirjina, ina ta karanta abin da ya zo bakina, ina cewa a raina, me zan gaya wa uwarsa? Da suka matso sai muka ga mutane uku ne da buhunan masara, za su kasuwa. Ɗayansu ya tsaya ya ta da keken, ya jingine shi a gindin kuka, ya yi kira, "Mai keke, fito, mu ne!" Muka fito muna kakkaɓe jiki, aka gaisa, kowa ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

A hanyar komowa yaron bai ce uffan ba, sai da muka hango gari. Sa'an nan ya ce, "Kaka, in an daina tsoro, za ka kai ni Funtuwa ta nan?" Na ce, "In Allah ya kai mu, kai za ka tuƙa, ni in zauna a baya."

Tun daga ran nan na daina jin kunyar fitata. Na lura da abu guda. Inda ake bi kullum, turba tana nan fes, ba wanda ya taɓa ƙarfe, domin ɓarawo ba ya son ido. Inda aka daina bi, nan ciyawa ta rufe, nan aka ci iyaka, nan aka kwance kusoshi. Ashe mai keken da ba ya zuwa ko'ina shi ma yana da aiki, gadi yake yi bai sani ba. Jinina kuma ya sauka, likita ya auna ya ce in ci gaba. Abokin nan nawa da ya yi mini ba'a, da ƙafafunsa suka fara kumburi, shi ma ya nemo keke. Yanzu mu biyar ne, har da wani tela da wani mahauci.

Saboda haka ga 'yar shawarata gare ku. Wanda yake da tsohon keke a rataye, ya sauko da shi. Kada ku fita ku kaɗai, kada ku fita da duhu, ku tambayi labarin hanya kafin ku kama ta, in an ce ba lafiya ku zauna gida, domin rigakafi ya fi magani. Ku bi gefe, kada ku hau kan ƙarafa, kada ku tsaya bisa kadarko, gama dogon da ba a rufe ba ko yaushe jirgi ko kurar ma'aikata na iya ɓullowa. Wanda gonarsa ta yi iyaka da dogo, ya bar wa hanya haƙƙinta. Wanda aka kawo wa ƙarfen dogo ya saya, ya sani kayan sata ne, gumin kakansa ne kuma ake sayar masa. Ku da kuka iya karatu da rubutu yanzu, ku rubuta wa masu unguwa da dagatai da kansilolinku, ku roƙa a riƙa kula da filin nan, a share turbar gefensa da gayya in kaka ta yi, yadda ake share hanyar makabarta.

Ban sani ba ko zan ga ranar da jirgi zai dawo. Amma alkawari na ɗauka a gaban yaro, alkawari kuwa kaya ne. Kullum in na isa gindin kukan nan nakan tsaya in dubi gaba, in ga ƙarafa biyu sun miƙe har sun haɗu a ido, sa'an nan in juya kan keke in nufo gida. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya nuna mana ranar da tsoho da jikansa za su wuce kuka ba su waiwaya ba. Amin.